Gwamnati na jin kukanmu a waya, amma me ya wajabta mata amsawa?

A farkon Afrilun 2022 gwamnatin tarayya ta umarci kamfanonin sadarwa su toshe kira daga duk layin da ba a haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ba. Layuka sama da miliyan 70 abin ya rutsa da su. Ba a tsaya sauraron uzurin kowa ba, mutum ya wayi gari ya danna kira sai ya ji ba hali. Wanda ya so layinsa ya dawo, dole ya bar sana'arsa ya je ya bi layin rajista a rana.

Wata goma da 'yan kwanaki bayan nan, ranar 25 ga Fabrairun 2023, aka yi zaɓen shugaban ƙasa. Hukumar INEC ta sha nanata cewa za a ɗora hoton sakamakon kowace rumfa a shafinta na IReV da zarar an gama ƙirga. Na 'yan majalisa ya riƙa hawa, na shugaban ƙasa ya cije, hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce. Da magana ta kai Kotun Ƙoli, sai ta yanke ranar 26 ga Oktoban 2023 cewa rashin ɗorawar bai isa ya rushe zaɓe ba, domin shafin ba wurin tattara sakamako ba ne, kuma dokar zaɓe ta 2022 ba ta mayar da ɗorawar sharaɗin ingancin zaɓe ba.

Waɗannan abubuwa biyu sun ishe mu fahimtar inda aka kwana tsakanin gwamnati da talaka a zamanin waya. Intanet ta buɗe hanya daga ƙasa zuwa sama, ta kuma buɗe daga sama zuwa ƙasa, sai dai ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Abin da gwamnati ke nema a wurinmu ta wannan hanya, doka da hukunci ne a bayansa. Abin da mu muke nema a wurinta, yawanci hayaniya ce kaɗai a bayansa, sai ko kunya in akwai mai jin ta.

Kai koke ga hukuma ta kafar zamani ba baƙon abu ba ne ga Bazazzagi. A nan Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, da Abubakar Imam a kujerar edita, kuma wasiƙun masu karatu na cikin abin da ya ba jaridar ƙima. Amma wasiƙa sai mai iya boko, sai ta bi gidan waya, sannan edita ya duba ya ga ko ta dace, ga kuma Turawan mulki na leƙe ta bayansa. Rediyo ya faɗaɗa fage, Kaduna da BBC Hausa da ta fara a 1957 suka shiga kowane zaure, daga baya gidajen rediyo masu zaman kansu suka zo da shirye-shiryen siyasa da sojojin baka. A nan ma akwai mai tacewa, akwai kuma kuɗin fili. Wayar tarho ta NITEL kuwa ba a maganarta, layukan ƙasar gaba ɗaya ba su wuce rabin miliyan ba kafin GSM ta shigo a Agustan 2001.

Abin da wayar hannu ta kawar shi ne mai tacewar nan. Saƙon murya na WhatsApp kuma ya kawar da sharaɗin karatu, wanda a ganina ya fi Facebook da Twitter tasiri a Arewa. Tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba tana iya danna waya ta yi bayani na minti uku kan asibitin da ta je ba ta tarar da kowa ba, kafin la'asar maganarta ta kai Legas da Jidda.

Kuma an ci riba, ba ƙarama ba. Bayan gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara tun daga 2010, gwamnati ta yi alƙawarin naira miliyan 850 don tsaftace ƙasa da magani, kuɗin suka maƙale, ƙauyen Bagega na jira. Sai da matasan Follow The Money, masu bin diddigin kuɗin gwamnati, su Hamzat Lawal, suka tayar da ƙura a intanet sannan aka saki kuɗin a farkon 2013. A Oktoban 2020 zanga-zangar da aka shirya ta waya ta sa aka rushe rundunar 'yan sanda ta SARS. Wanda ya fi kusa da mu shi ne na yaran da aka kama lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, wadda ta sa aka kafa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya. Wajen wata uku suna tsare, ba mai jin ɗuriyarsu in ba iyayensu da 'yan lauyoyi ba. Ranar 1 ga Nuwamba aka kai su Babbar Kotun Tarayya a Abuja, wasu suka yanke jiki suka faɗi, aka ɗauka a waya. Kwana uku bayan nan shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su, har aka karɓe su a fadar gwamnati aka miƙa su ga gwamnonin Kano da Kaduna.

To amma a lura da abin da ya fitar da yaran. Tsarin mulki ya riga ya hana tsare mutum tsawon lokaci haka ba tare da kai shi kotu ba, dokokin kare yara ma suna nan tun kafin a kama su. Duk waɗannan ba su motsa kowa ba cikin wata uku. Bidiyon ƙashin haƙarƙarinsu ne ya motsa, cikin kwana uku. Wato haƙƙin mutum ya koma rataye a kan ko matsalarsa tana da hoton da zai tayar da hankali, ko kuma wani mai mabiya da yawa ya ga dama ya ɗauka. Wanda ke tsare a wani ɗakin da ba kyamara, shari'arsa na nan inda take.

Yawancin abin da ke ci wa mutanen Zariya tuwo a ƙwarya ba irin mai tashe ba ne. Ruwa, alal misali. An ba da kwangilar babban aikin ruwan Zariya tun 2008 zamanin Namadi Sambo, aka gina matata mai ƙarfin lita miliyan 150 a rana, aka ciwo bashi daga bankunan raya ƙasa na waje don bututu da tankuna. Yau ga 'yan ga-ruwa nan da kurarsu a lunguna, ga burtsatse a duk gidan da mai shi ke da hali. Famfon da ba ya zuba ba ya ba kowa mamaki a hoto. Haka fanshon tsohon malamin firamare, haka ajin da yara suka cika har bakin ƙofa.

Ga yadda abin kan kasance a guruf ɗin unguwa, wanda kusan kowa na cikin irinsa. Akwai mai unguwa, da liman, da malaman makaranta, da shugaban 'yan sintiri, da kansila wanda aka jefa shi ciki ba tare da an tambaye shi ba. Taransifoma ta ƙone, aka ɗora hotonta. Aka yi ta Allah ya kyauta, wani ya kawo tarihin ranar da aka kafa ta, wani ya ɗora wa jam'iyya laifi, admin ya roƙi a bar siyasa. Sai wani dattijo ya turo murya: “Ranka ya daɗe Honorabul, muna jiran ta bakinka.” Wani yaro ya duba ya sanar da jama'a cewa Honorabul ya saurara tun da hantsi. Shiru. Bayan kwana biyu magana ta koma kan karo-karo, aka yanka wa kowane gida abin da zai bayar, aka saka lambar akawun, hotunan alat suka fara shigowa, ma'aji na jero sunayen waɗanda suka biya don waɗanda ba su biya ba su ji kunya. Aka gyara taransifoma. Waya ta yi aiki ƙwarai a nan, sai dai aikin da ta yi shi ne sauƙaƙa wa mutane ɗauke wa hukuma da kamfanin wuta nauyinsu. Kansila kuwa bai karya dokar kowa ba da ya yi shiru.

Jihar Kaduna ta gwada mayar da sauraron jama'a tsari, kuma ya kamata a ba ta wannan. Zamanin Nasir El-Rufa'i aka fito da shirin Eyes and Ears, inda mutum zai ɗauki hoton aikin gwamnati da waya ya tura rahoto ko ana yi ko an watsar. A 2018 jihar ta shiga ƙawancen ƙasa da ƙasa na gudanar da gwamnati a buɗe, wanda Najeriya ta shiga a 2016. A Mayun 2018 kuma ta zama jiha ta farko da ta yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura, ta maimaita a Satumban 2021. An yi ƙorafi, musamman a karon farko, cewa wasu sun danna fiye da sau ɗaya. Duk da haka jam'iyyar adawa ta ci kujerun ciyaman a wasu wurare, abin da ba a saba gani ba a zaɓen da hukumar zaɓen jiha ke shiryawa. A 2024 aka gyara doka aka koma takarda, jam'iyya mai mulki ta kwashe ƙananan hukumomi 23 duka. Na'urar ta zo ne don gwamna na so, ta tafi da aka daina so. Talaka bai da wata igiya da zai riƙe ta da ita.

Batun zaɓe ya cancanci a tsaya a kansa, don nan ne aka fi zuba buri. A rumfa, na'urar BVAS na tantance mai zaɓe da yatsa ko fuska, tana kuma riƙe adadin waɗanda aka tantance. An gama ƙirga a gaban jama'a, jami'i ya cike fom ɗin sakamakon rumfa mai suna EC8A, wakilan jam'iyyu sun sa hannu an ba kowa kwafinsa, sai ya ɗauki hoton fom ɗin da na'urar ya tura. Daga nan takardar kan hau mota ko babur zuwa cibiyar gunduma, a zuba alƙaluma a fom ɗin gunduma mai suna EC8B, a wuce ƙaramar hukuma. Duk wanda ya taɓa zama wakilin jam'iyya ya san ba a rumfa aka fi yin ɓarna ba, a wannan tafiya ta dare ne 17 kan zama 170. An ƙirƙiro IReV ne don ya zama shaida a kan wannan tafiya, kowa ya iya gwada abin da aka rubuta a rumfa da abin da aka sanar.

Yanzu kusan kowane wakili da ɗan kallo na da hoton EC8A a wayarsa. Amma hoton da ke wayarka ba ya soke zaɓe. Mai ƙara na da kwana 21 kacal ya shigar da ƙorafi tare da bayanan shaidunsa, rumfunan ƙasar kuma sun haura 176,000, kotuna na son a tabbatar da maguɗi rumfa bayan rumfa. Sai aka wayi gari jama'a sun ga abu da idonsu, ko suna jin sun gani, shari'a kuma ta bi wata hanya daban. Wannan giɓi ya fi rashin sani ciwo, shi ke haifar da “ko ka yi ko ba ka yi ba, sun riga sun rubuta.”

Alƙaluman fitowa zaɓe na da abin faɗi. A 2003, lokacin da wayar hannu ke hannun 'yan ƙalilan, an ce kashi 69 cikin 100 sun fito. A 2023, da mutum miliyan 93 da ɗoriya a rajista, kuma siyasa ta cika kowace waya, kusan kashi 27 ne, mafi ƙanƙanta tun 1999. Kada a yi saurin cewa mutane sun guje wa zaɓe ne kawai. Wani ɓangare na faɗuwar gaskiya ce ta fito, domin tun daga na'urar tantance kati da Attahiru Jega ya kawo a 2015 zuwa BVAS, cusa ƙuri'un mutanen da ba su zo ba ya yi wuya. Ga kuma wahalar takardun naira da ƙarancin mai a makonnin zaɓen. Amma ko an cire waɗannan, a bayyane yake cewa zafin muhawara a Facebook ba ya zama layi a rumfa. Kiranye ma haka. Sashe na 69 na tsarin mulki na buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓa, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. Da aka gwada a kan Dino Melaye a 2018, kusan kashi 5 ne suka tabbata. Har yau ba ɗan majalisar tarayya ko ɗaya da aka dawo da shi gida ta wannan hanya, duk zagin da suke sha a waya.

Ta ɓangaren gwamnati kuwa, hannu ya yi tsawo. Da lambar banki ta BVN da NIN da layin waya, an ɗaure asusun mutum da sunansa da wurin da yake. Akwai amfani a ciki, an kama ma'aikatan bogi, an rage wasu hanyoyin sata. Amma mai riƙe da makunni na iya kashewa. A Satumban 2021 an katse sadarwa a Zamfara baki ɗaya, sannan wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato, a ƙarshen watan kuma aka shigo da sassan Kaduna irin su Birnin Gwari da Giwa da ke maƙwabtaka da mu, har zuwa ƙarshen Nuwamba. Dalilin da aka bayar shi ne hana 'yan bindiga da masu kai musu rahoto magana. Mutanen ƙauye da dama sun goyi baya da farko saboda azabar da suke sha. Sai dai wanda aka kawo wa hari ma bai da hanyar kiran agaji, mai POS ya rufe, ɗan kasuwa sai ya yi tafiya mai nisa neman sabis. Ba a kawo wa jama'a wani lissafi ba daga baya na abin da aka samu da abin da aka rasa.

Twitter ma an dakatar da ita daga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022, bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Buhari. Kotun ECOWAS ta ce matakin ya saɓa doka, amma a Yulin 2022, wata shida bayan an buɗe. Sai sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda a asalinsa ya haramta har saƙon da zai ɓata wa wani rai ko ya ci masa mutunci, da ɗaurin shekara uku ko tarar naira miliyan 7. An taƙaita shi a gyaran 2024, kamun 'yan jarida da masu rubutu bai tsaya ba. A 2022 an kama wani ɗalibin jami'ar Dutse kan abin da ya rubuta game da uwargidan shugaban ƙasa, sai da hayaniya ta yi yawa aka janye ƙarar. Abubakar Idris Dadiyata kuwa, wanda aka sani da zafin alƙalami a siyasa, an ɗauke shi a gidansa na Barnawa a Kaduna a Agustan 2019, har yau ba bayani. Duk matashin da ke rubutu a Arewa ya san wannan suna, kuma sanin kaɗai ya isa ya sa mutum ya goge abin da ya fara rubutawa.

Mu ma da namu. 'Yan siyasa sun gane cewa tunda hayaniya ce ke aiki, to a sayi hayaniyar. Sojojin baka na rediyo sun sami ƙanne, 'yan data, waɗanda ake tura wa na kati su wanke maigida su ɓata abokin hamayya. Binciken BBC na Janairun 2023 ya nuna yadda jam'iyyu ke biyan masu mabiya a asirce don yaɗa ƙarya. Saƙon muryar da ya ba tsohuwa baki shi ne kuma ya fi wuyar tantancewa, ba suna, ba rana, sai “a tura wa 'yan'uwa musulmi.” Wanda ya tuna daren wankan ruwan gishiri na cutar Ebola a 2014, ko labarin Jubril na Sudan da sai da Buhari da kansa ya fito ya ƙaryata a 2018, ya san ƙarfin abin. Kamfanonin da ke da waɗannan dandali suna Amurka da Sin, kuma kulawarsu da abin da ake faɗa da Hausa ba ta kai ta Turanci ba.

Akwai wanda ya fi damuna. Duba ƙarƙashin duk saƙon da wani babban ɗan siyasa ya wallafa, ko da ta'aziyya ce. Lambobin akawun ne jere, da “Allah ya ƙara lafiya, Baba a taimaka.” Ba na zargin mai yunwa. Amma wakilin da ya gano cewa dubu biyar-biyar ga mutum ɗari na sayen shirun mako guda, ba zai wahalar da kansa da bayanin kasafi ba. Zariya ce mazaɓar Shugaban Majalisar Wakilai, Tajudeen Abbas, tun Yunin 2023 yake kan wannan kujera, kuma muhawarar da aka fi yi a kansa a waya ita ce wa ya samu, wace unguwa aka yi wa, wa aka manta. Da wuya ka ga ana tambayar yadda majalisar da yake jagoranta ta yi da wata doka, alhali aikin da aka zaɓe shi ya yi ke nan.

Sannan ba kowa ke cikin wannan fage ba. Har ƙarshen 2024 intanet mai ƙarfi ba ta kai ga rabin 'yan ƙasa ba, ga ƙarin kashi 50 na kuɗin kira da data da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi a Janairun 2025. Muryar Samaru da Kongo, inda ɗalibai da malamai suke, ta fi ta Dutsen Abba ko Wucicciri ƙara nesa ba kusa ba, ta maza kuma ta danne ta mata. Gwamnatin da ke auna damuwar jama'a da abin da ke tashe, 'yan birni masu caji take ji. Shafukan neman N-Power ko bashin karatu na NELFUND sun rage “wa ka sani” a matakin cike fom, wannan gaskiya ne, amma sun haifar da sabon ɗan tsakiya: yaron shagon kwamfuta da ake miƙa wa NIN da BVN da lambar sirri, a kuma biya shi.

Inda doka ta ba talaka haƙori, a nan ne aka fi sakaci. Dokar 'yancin samun bayanai da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayun 2011 ta ba kowa damar neman takardun hukuma ba tare da faɗin dalili ba, ta ba hukumar kwana 7 ta amsa, ta sa tarar naira 500,000 ga wanda ya hana ba bisa ƙa'ida ba. Shekaru da dama jihohi na fakewa da cewa ta tarayya ce, sai a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli, a wata ƙara da ta taso daga Edo, ta ce ta hau kansu su ma. Kafin nan, a Yulin 2024, kotun ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ko da yake aiwatarwar na tafiyar hawainiya. Abin da ƙaramar hukumar Zariya ko Sabon Gari ke samu daga asusun tarayya kowane wata yana nan a intanet, hukumar ƙididdiga ta ƙasa na wallafawa, mai waya a Kwarbai ko Gyallesu na iya gani. Yadda aka kashe su ne ba ya nan.

Neman wannan kuwa ba aikin guruf ba ne. Sai an rubuta takarda da suna da sa hannu, an kai sakatariya an buga mata hatimin karɓa, an ƙirga kwana 7, in ba amsa a garzaya kotu cikin kwana 30. Yana buƙatar mutanen da za su yarda a san sunansu, da lauyan da zai tsaya ba don kuɗi ba. Garin da tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello ke zaune a Kongo, da ƙungiyoyin unguwa da suka iya tara kuɗin taransifoma cikin mako guda, bai rasa ko ɗaya daga cikin biyun ba.